Littafin soyayya ma na da kariyar doka

'Yar'uwa, kin tambaya ko littafin soyayya na ɗauke da gyara kayanka, kuma ko sai yana da shi doka za ta kare shi daga masu kwafa.

Na farko, yana ɗauke da shi mana. Tun shekarun 1980 marubutan soyayya, galibi mata, suke taɓo auren dole da cire yarinya daga makaranta da sakin wulaƙanci da zaman kishi. Masu raina su da sunan "adabin kasuwar Kano" bango kawai suka duba. Akwai na shirme, ban musa ba.

Amma doka ba ruwanta da wannan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ba ta auna ingancin littafi ko manufarsa. In dai ke kika ƙirƙira kika rubuta, naki ne, ko ba ki yi rajista ba, har shekara 70 bayan rasuwarki.

Inda ake ruɗewa shi ne jigo. Ba wanda ya mallaki labarin budurwar da aka aura wa Alhaji dole. Kowa na iya rubuta nasa. Kalamanki da yadda kika saƙa labarin ne ake karewa. Mai sharhi kuma na iya tsakuro kaɗan ya ambaci sunanki.

Wanda ya kwafe littafinki sukutum yana sayarwa a Kasuwar Barci, ko yana rabawa a WhatsApp, tara hujja ki kai ƙararsa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa.