Tambaya da Amsa: Kayan Kariya Ga Masu Hawan Tsani

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan aikin sama, wato hawan tankuna da turakun wuta da hasumiyoyin sadarwa da gine-gine. Masana harkar kiyaye haɗurra a wuraren aiki ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wani tankin ruwa mai tsayin mita 14. Tsanin ƙarfe ne manne a jikinsa, an kuma kewaye shi da keji har sama. Maigidana ya ce tunda akwai keji ba mu buƙatar komai. Gaskiyarsa ne? Daga mai kula da tanki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tare da girmamawa ga maigidanka, maganar ba haka take ba. Keji yana kwantar da hankalin mai hawa, yana kuma ba shi inda zai jingina baya ya numfasa. Amma idan hannu ya suɓuce, babu abin da zai tare mutum. Ta cikin kejin zai gangaro, kai da haɓa da gwiwa suna dukan ƙarafa, wani lokaci ƙafa ta maƙale ta karye. Cikin daƙiƙa ɗaya mai faɗuwa ya ci kusan mita 5, hannu kuwa ba ya da saurin da zai cafki mataki a wannan gudun. Hukumar HSE, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata a Birtaniya, ta fitar da sakamakon gwaji a 2004 wanda ya nuna ba za a dogara da keji wajen tsayar da faɗuwa ba. A Amurka kuma takwararta, hukumar OSHA, ta ce duk kafaffen tsanin da ya haura ƙafa 24, wato mita 7.3, wanda aka kafa daga Nuwamba 2018, dole a yi masa abin tare faɗuwa na gaske, keji kaɗai bai isar ba.

Abin da ya dace da tsaninku shi ne wayar ƙarfe, galibi mai kaurin milimita 8, ko siririn dogo, a ja shi ta tsakiyar tsanin tun daga ƙasa har ƙoli. A jikinsa ake maƙala wani ɗan birki mai zamewa. Kana hawa yana bin ka, kana sauka a hankali yana bin ka, da zarar ka fizgo ƙasa da gudu sai ya cije wayar.

Wajen amfani da shi ne ake yawan tafka kuskure. Birkin yana da kibiya a jikinsa, kuma sama za ta kalla. Idan aka sa shi a juye ba zai kama ba. A zoben ƙirji na damara, wato madaurin kariya da ake ratayawa a kafaɗa da cinya, ake maƙala shi, da gajeren mahaɗin da ya zo da shi. Ƙa'idar Amurka ta ce tazarar kada ta wuce santimita 23. Wasu kan ƙara 'yar igiya don su sami sakewa, to wannan ƙarin shi ke tsawaita faɗuwa, ya kuma ba mutum damar kifewa ta baya. Kafin ka bar ƙasa ka hau mataki biyu, ka fizgi birkin ƙasa da ƙarfi ka ga ya cije. Idan ka zame, kada ka damƙi birkin da hannu, domin damƙar na iya hana shi kullewa. Sannan birki da waya su zama na kamfani ɗaya da aka gwada su tare. Wuri mafi haɗari shi ne ƙoli, inda za ka bar tsani ka taka dandamali: ka fara maƙala igiyarka a wani ƙwaƙƙwaran wuri a saman kafin ka cire birkin. Idan za ku bar kejin a wurinsa, ku tambayi masu ƙera birkin ko an gwada shi a cikin keji, don gogar baya da keji na iya jinkirta kamunsa.

Tambaya: Shekara da shekaru da bel na ƙugu nake hawa turken wuta, ban taɓa samun matsala ba. Me ya sa yanzu ake matsa mana sai mun sa mai ratayawa a kafaɗa da cinya? Daga mai aikin lantarki.

Amsa: Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Duka biyun a bakin ma'aikata "sefti bel" ake ce musu, amma aikinsu daban. Bel na ƙugu an yi shi ne don ka jingina a kansa, hannayenka biyu su sami damar aiki. Ba a yi shi don ya cafke mai faɗuwa ba. Idan mutum ya faɗo da shi, duk ƙarfin fizgar a ciki da ƙashin baya yake sauka, ya naɗe mutum biyu, ya matse numfashi. Wani kuma kai ke yin ƙasa ya zare daga cikin bel ɗin gaba ɗaya. Tun 1 ga Janairu 1998 OSHA ta daina amincewa da shi a matsayin abin tare faɗuwa a aikin gini.

Cikakkiyar damara tana raba fizgar ga cinyoyi da ƙugu da ƙirji, ta kuma bar mutum a tsaye, kai a sama. Ka duba lambarta, wadda aka yi bisa ƙa'idar Turai za ka ga EN 361. Zoben da aka yi wa alamar A, a tsakanin kafaɗu ko a ƙirji, shi ne na tare faɗuwa. Idan ka ga A/2 a madaukai biyu na ƙirji, sai an haɗa su biyun da ƙugiya ɗaya. Zobban gefen ƙugu na jingina ne kurum.

Wajen sawa, ka ɗaga ta ta zoben baya ka girgiza madaurai su warware, ka rataya a kafaɗa, ka ɗaure cinyoyi, sannan ƙirji. Zoben baya ya zauna daidai tsakanin allunan kafaɗa. Madaurin cinya ya matse har tafin hannu a miƙe ne kawai zai shiga, dunƙulallen hannu ba zai shiga ba. Masu sassauta shi don jin daɗin tafiya su sani, ranar faɗuwa madaurin zai zabura sama ya daki gaba da dukkan nauyin jiki. A fitar da makulli da sukudireba daga aljihun wando. Hular kwano kuma ta zama mai igiyar haɓa, in ba haka ba ita ke fara barin kai.

Tambaya: An ba mu igiya mai tsayin mita 2 da wata 'yar jaka a jikinta. Mene ne amfanin jakar? Kuma tana isa ta kare ni idan ina aiki a tsayin mita 4? Daga mai haɗa ƙarafan gini.

Amsa: A cikin jakar akwai madauri da aka ninke aka ɗinke shi ta yadda zai yage a hankali idan nauyi ya fizge shi. Yagewar ce ke shanye ƙarfin faɗuwar. Ƙa'idar EN 355 ta ce fizgar da za ta kai jikin mutum kada ta wuce kiloniyutan 6, kimanin nauyin kilo 600. Igiyar da ba ta da wannan jaka tsayawar farat ɗaya take yi, kuma ko igiyar ba ta tsinke ba, jiki ne zai ji a jikinsa.

Amsar tambayarka ta biyu lissafi ne. Igiya mita 2. Jakar na iya buɗewa har mita 1.75. Daga zoben baya zuwa tafin ƙafa, haɗe da miƙewar damara, ka sa mita 2. Ka ƙara mita 1 na rara. Jimla mita 6.75 ke nan daga inda ka maƙala ƙugiya zuwa ƙasa, idan faɗuwar ta kasance mafi muni, wato ka maƙala a daidai ƙafarka. A mita 4 za ka daki ƙasa igiya ba ta gama aikinta ba. A irin wannan tsayi abin nema shi ne igiya mai naɗe kanta, irin aikin bel ɗin mota, a rataye ta sama da kai. Ita takan kulle da wuri. Ka tsaya kusa da ƙarƙashinta, domin idan ka yi nisa gefe, faɗuwar za ta zama lilo, ka je ka gwabji bango ko ginshiƙi.

Kullum ka maƙala sama da kanka gwargwadon iko. Wurin maƙalawar ma a dube shi: OSHA na neman wanda zai ɗauki kiloniyutan 22.2 ga kowane mutum, sama da tan biyu ke nan. Bututun ruwa da bututun waya da ƙarfen dafawa na baranda duk ba sa ciki.

Masu hawa hasumiya da igiya mai reshe biyu, ku riƙa maƙala na biyu kafin ku cire na farko. Reshen da ba a aiki da shi a rataye shi a ɗan madaukin roba da aka tanada, wanda zai ɓalle idan an fizga. Idan aka maƙala shi a zoben ƙugu, zai iya hana jakar buɗewa. Kada kuma a haɗa igiyoyi biyu masu jaka daban-daban a yi reshe biyu da su, don idan duka suna maƙale fizgar da za ta kai jiki ninkuwa take yi. Ƙugiya ta zama mai kulli biyu, ta rataya a miƙe, kada bakinta ya danne a jikin ƙarfe.

Tambaya: Zan iya ɗaura igiyata a matakin tsanin jingine? Daga mai fenti.

Amsa: A'a, Malam. Tsanin da aka jingina kawai, idan ka faɗo tare za ku zo ƙasa. Sai fa idan an ɗaure shi a gini da tsarin da aka ƙera don haka, ko kuma igiyar ta fito daga wani ƙwaƙƙwaran wuri daban a sama.

Kariyarka a irin wannan tsani tana wajen kafa shi. Duk tsayin mita 4, gindin ya ja baya mita 1. Kan tsanin ya zarce inda za ka taka da mita 1, a ɗaure shi ta gefuna biyu. Matakai uku na ƙarshe ba na takawa ba ne. Ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, su kasance a jikin tsani koyaushe, cibiyarka kuma kada ta leƙa wajen gefunansa. Idan buroshi bai kai ba, sauko ka matsar. Bokitin fenti a janyo shi da igiya. Kusa da wayar wuta ba a kafa tsanin alminiyom. Aikin da zai wuce rabin awa a wuri ɗaya kuwa, shawarar HSE ita ce a nemi dandamali a bar tsani.

Tambaya: Ni ce mai kula da sito a kamfaninmu. Ta yaya zan gane damarar da ta mutu? Daga ma'ajiyar kayan aiki.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Ki bi madaurin da hannu taƙi bayan taƙi, kina lanƙwasa shi. Ki nemi yanka ko da ƙarami ne a gefe, da wurin da ya yi gashi-gashi, da ɗigon ƙunar walda, da inda ya ƙandare ko ya koɗe. Ƙandarewa alamar fenti ko ruwan batir ko wani sinadari ne, koɗewa kuma aikin rana ne, kuma dukansu suna cin ƙarfin zare tun ido bai gani ba. Ɗinkin da ke riƙe nauyi yawanci launinsa daban ne don a gane idan zare ya tsinke. Zobe kada ya lanƙwashe ko ya tsage ko tsatsa ta ci shi. Ƙugiya ta rufe da kanta, ta kulle da kanta. Jakar igiya idan ta fara buɗewa ta gama aiki. Wadda lambarta ta goge har ba a karanta ranar ƙira, a ajiye ta gefe.

Mai sawa zai duba kafin kowane hawa. Ƙwararre kuma ya duba ya rubuta aƙalla sau ɗaya cikin wata 12, a wurin aiki mai wahala a matso da shi zuwa wata 6 ko 3. Tsawon rayuwarta yana cikin takardar masu ƙira, da yawa ba sa wuce shekara 10. Duk wadda ta taɓa tare faɗuwa a yanka ta da almakashi kafin a jefar, don kada wani ya tsinta ya sa. Wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar kaifi, shanya a inuwa. Ki kuma duba iyakar nauyin da aka rubuta, domin lissafin ya haɗa mutum da kayan aikin da ke jikinsa.

Tambaya: Idan mutum ya faɗo damara ta riƙe shi, shi ke nan ya tsira? Daga shugaban ma'aikata.

Amsa: Da sauran aiki, Injiniya, kuma na gaggawa. Mutumin da ke rataye ƙafafu na reto ba motsi, jini yana taruwa a ƙafafunsa, wanda ke komawa zuciya da ƙwaƙwalwa ya ragu. Sai jiri da gumi da tashin zuciya, daga nan suma, kuma hakan na iya faruwa cikin mintuna. Wanda ya suma a ƙasa faɗuwa yake yi jini ya koma kai. Wanda ke rataye damara ta riƙe shi a tsaye, shi ya sa abin ke kai wa ga rasa rai.

Idan yana cikin hayyacinsa, ya riƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ya nemi matakin tsani ya taka. Akwai 'yan madaurai da ake liƙawa a gefen damara, a warware su a zura ƙafa a miƙe a kansu. A saya wa kowa. Tun kafin a hau a san wa zai kai ɗauki, da wane kaya, ta wace hanya, kuma kayan saukarwar su kasance a gindin tsani, an taɓa gwada su. Kada mutum ya hau shi kaɗai ba mai kallonsa daga ƙasa. Idan an sauko da shi a kwantar da shi, wanda ya suma yana numfashi a juya shi ta gefe tare da kula da wuyansa, a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake ji.