Amsa ga mai tambaya kan shirin yaran nan masu sihiri

Salamu alaikum 'yar uwa, na ga tambayarki cewa yaranki sun maƙale wa Wizards of Waverly Place, sihirin da ke ciki yana ba ki tsoro, ko ki hana su. Ni kam na daɗe da shirin nan, tun muna gidanmu na Agege ƙannena suke kallonsa a Disney Channel ta DStv, 2007 aka fara shi aka gama 2012, yanzu kuma nawa yaran ne suke bin tsofaffin.

Iyali ne masu shagon sanwici a New York, yara uku, Justin da Alex da Max, babansu yana koya musu sihiri a ɓoye, shi ya haƙura da nasa ne don ya auri mamansu da ba ta da shi. Sihirin wallahi haɗin kwamfuta ne, a karkaɗa sanda a faɗi wasu kalmomi, kuma kusan kullum in Alex ta yi don gudun aiki sai abin ya kwaɓe mata. Duk da haka na zaunar da nawa na faɗa musu sihiri na gaske haramun ne, yana cikin zunubai bakwai masu halakarwa, ba abin sha'awa ba ne.

Ni abin da ya fi damuna bakin Alex ne. Yarinyar akwai tsiwa, za ta mayar wa iyayenta magana sai ki ji an saki dariyar 'yan kallo, yaro kuwa dariyar nan yake ji sai ya ɗauka burgewa ce. Ranar nan na ce wa babbar 'yata mai shekara 9 ta kwashe kwanuka, sai ta juya ido ta murguɗa baki wai sai an gama, a gaban kakarta fa da ta zo mana daga Kano, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sati guda ba a kunna talabijin ba.

Amma ban hana gaba ɗaya ba, don kin san zaman Legas, gidan haya ɗaki na kallon ɗaki, in kin hana a naki za su gani a na maƙwabta ba kya kusa. Yanzu ranar Asabar ne kawai bayan sun dawo Islamiyya, in da wuta, ina zaune tare da su ina gyaran kayan miya, da Alex ta yi rashin kunya sai in rage murya in ce to wa zai faɗa min abin da ya kamata ta ce wa mamanta. Ƙaramin ma har rige yayarsa amsawa yake yi.