Amsa kan littattafan Yahudawa: Attaura da Talmud

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji tambayarka, wai Talmud ɗin nan shi ne Attaura ko kuwa wani littafi ne daban. To daban ne. Amma fa yadda su Yahudawan suke ɗaukar abin zan faɗa, ba hukuncin malamanmu a kai ba, wannan wani karatu ne.

Littafinsu mai tsarki suna ce masa Tanak, da Ibrananci yake, littattafai 24 a ƙirgensu. Biyar na farko su ne Attaura, sai na annabawa, sai sauran rubuce-rubuce, Zabura tana cikin waɗannan. Attaurar da suke karantawa a wurin ibadarsu kuwa, har gobe da hannu ake rubuta ta a kan fata, a naɗe ta. Harafi ɗaya ya lalace, an ajiye ta ke nan sai an gyara.

To amma ga inda maganar take. Malamansu sun ce ban da rubutacciyar, akwai bayanin da aka riƙa karɓa baki da baki. Bayan Rumawa sun rushe musu Haikali, babban ɗakin ibadarsu, a Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, wajajen shekara ta 200 wani babban malaminsu, Yahuda HaNasi, ya tattara wannan bayanin, shi ne Mishna, kashi shida. Na baya suka zauna a kanta suna ta muhawara, wane ya ce, wane ya mayar masa, aka haɗa duka ya zama Talmud. Biyu ne ma, na Ƙudus da na Babila, wato Iraƙi ta yau, kuma na Babilan ya fi ƙarfi a wurinsu. Idan ka buɗe shafinsa kamar littattafan fiƙihunmu masu hashiya ne, matani a tsakiya, sharhi ya kewaye shi, ciki har da na Rashi, mutumin Faransa da ya rasu a 1105.

Bari in ba ka misali ka gane. Attaura ta ce kada a dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa, sau uku ta faɗa. Shi ke nan fa. Amma daga nan malamai suka fitar da cewa nama da nono ba sa haɗuwa sam. Ka shiga gidan mai riƙo da addini a cikinsu, tukunyar nama daban, ta nono daban, har cokula, kuma in ya ci nama sai ya jira wasu awanni kafin ya sha madara. Haka Asabar, Mishna ce ta lissafa ayyuka 39 da aka hana a ranar. Shi ya sa ni a ganina wanda ya karanta Attaura kaɗai ba zai gane rayuwar Bayahude ba.

Da Talmud ya yi wa talaka yawa, shafi 2,711 ne fa, sai aka taƙaita hukunce-hukuncen. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya yi nasa juzu'i 14. Daga baya Yusuf Karo ya yi Shulhan Aruk, aka buga a 1565, shi ne madogararsu har yau.

Af, akwai wata 'yar ƙungiya a cikinsu, Karaim, su ba su yarda da Talmud ba sam, Tanak kaɗai suke bi.