Me ya sa ƙaramin jirgin sama mai rimot samfurin MiG-15 ke kifewa wajen sauka?

Ka ce MiG-15 ɗinka mai fankar injin milimita 70 da batirin 6S (mai sel shida a jere) yana tashi sumul, amma da ka rage wa injin wuta za ka sauka sai fiffike ɗaya ya faɗi, jirgin ya kife.

Laifin na ƙarancin gudu ne, ba na rimot ba. Fikafikan MiG-15 sun karkata baya da digiri 35, kamar na jirgin yaƙi F-86 Sabre, kuma irin wannan fiffike in gudu ya yi ƙasa, ƙarshensa ne ke fara rasa iskar da ke ɗaga shi. Ga shi fankar a cikin jikin jirgin take, ba ta hura iska kan fiffike da wutsiya yadda farfela ke yi. Ka kashe wuta, linzami ya kuɓuce maka, kafin fanka ta sake ɗaukar gudu aikin gama ya gama.

Don haka kada ka sauka da wuta a kashe. Riƙe ta wajen kashi ɗaya cikin uku, ka zo miƙe daga nesa kana fuskantar iska, sai tayoyi sun kusa taɓa ƙasa ka sassauta.

Duba daidaiton nauyin jirgin bayan ka sa batiri a ciki: ɗora jirgin kan yatsu biyu a inda takardarsa ta nuna. In wutsiya ta rinjaya, matsar da batirin gaba milimita 5, ka sake gwadawa. Gara hanci ya ɗan yi nauyi.

Sa agogo kada tashi ya wuce minti 3, domin fanka akwai zuƙe batiri. Bayan sauka ya kamata kowane sel na batirin ya nuna bolt 3.7 zuwa 3.8.