Filin Tambayoyinku: Baƙar funfuna bayan an tashi daga korona

Tambaya: Likita, mahaifina mai ciwon suga ne. Ya kwanta asibiti saboda korona, aka yi masa allurar sitiroyid (maganin rage kumburi), aka sallame shi makonni 2 da suka wuce. Yanzu kumatunsa na hagu na ciwo, ƙofar hancinsa ta wannan ɓangaren ta toshe, majinar da ke fita kuma baƙi-baƙi ce haɗe da jini. Ya ce mura ce. Mu jira?

Amsa: Malama, kada ku jira ko kwana guda. Ku kai baba asibitin da ke da likitan kunne, hanci da maƙogwaro yau ɗin nan, ku faɗa wa likitan abu uku tun daga bakin ƙofa: yana da suga, an ba shi sitiroyid, kuma ciwon a gefe ɗaya yake. Mura kan kama hanci duka biyu. Ciwon da ya tsaya a gefe guda, ga baƙar majina, a jikin mai suga, ana ɗaukarsa baƙar funfuna ce har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Likitoci na kiran cutar mukomaikosis. Wata irin funfuna ce da ke rayuwa a ƙasa, da taki, da ruɓaɓɓen ganye, kuma kowa na shaƙar ƙwayoyinta a iska ba tare da ta yi masa komai ba, domin garkuwar jiki na cinye su. A jikin baba abubuwa sun haɗu. Sitiroyid na kwantar da fararen ƙwayoyin jinin da ke wannan aiki, sannan yana ƙara hawan suga. Idan sugan ya yi hawan da jini ya fara tsami, sinadarin ayon (ƙarfe) da ke ɗaure a jini sai ya kwance, funfunar kuwa da suga da ayon take girma. Daga hanci take shiga ramukan iskar da ke cikin ƙasusuwan fuska, ta kutsa jijiyoyin jini ta toshe su. Naman da jini ya daina isa gare shi sai ya mutu ya yi baƙi. Daga nan sunan ya samo asali, ita kanta funfunar ba baƙa ba ce. Don haka ganin baƙin tabo ba alamar farko ba ne, alama ce cewa ta riga ta yi nisa.

Kafin ku fita, ku haska fitila ku duba ganɗarsa da dasashinsa ko akwai baƙi ko haƙoran sama sun fara girgiɗi. Ku tambaye shi ko kumatun ya yi sanyin taɓi kamar ba nasa ba. Idan ido ya kumbura, fatarsa ta sauko, ko yana ganin abu biyu-biyu, cutar ta kai kogon ido, daga can kuma ƙwaƙwalwa ba nisa.

A asibiti za a zura siririyar kyamara cikin hanci, a yanko ɗan nama a duba a madubin likita, a kuma ɗauki hoton MRI ko CT na fuska da ido da kai. Gwajin jini na yau da kullum bai cika nuna ta ba, saboda haka idan an ce jini lafiya lau, wannan bai wanke shi ba.

Tambaya: Tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum? Ni nake jinyar mijina.

Amsa: Ba ta yaɗuwa, Hajiya, ko ta numfashi ko ta taɓi ko ta kwanon abinci. Ki ci gaba da jinyarsa hankali kwance.

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne. Me ya sa cutar ta yi ƙamari a Indiya, kuma yaya ake ba da maganinta daidai?

Amsa: A zagaye na biyu na korona a 2021, Indiya ta samu sama da mutum 40,000 da suka kamu cikin 'yan watanni, jihohin Maharashtra da Gujarat ne kan gaba, har a watan Mayu gwamnati ta nemi jihohi su wajabta kai rahoton duk wanda ya kamu. Ƙasa ce mai ɗimbin masu suga, da yawa ba su ma san suna da shi ba, ga shi an yi ta shan sitiroyid fiye da ƙima. Ƙa'idar sitiroyid ɗin deksametazon a korona miligiram 6 ce a rana, na kwana 10 ko ƙasa da haka, kuma ga wanda ke buƙatar iskar oksijin kaɗai. Ba wa mai ƙaramin zazzaɓi a gida cutarwa ce tsagwaronta.

Magani kuwa, Malam, ƙafa uku yake tsaye a kai: allura, tiyata, da saukar da suga. Allurar ita ce amfoterisin B, nau'in laifosomal (wanda aka lulluɓe da kitse), miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum, a kai har 10 idan cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Mai kilo 60 ke nan za a yi masa miligiram 300, wato kwalba 6 masu miligiram 50 a rana, na tsawon makonni. A fara da cikakken adadin tun ranar farko. A cikin ruwan gulukos mai kashi 5 ake sirka ta, ba ruwan gishiri ba, domin gishiri na sa ta guda-guda. Idan layin ƙarin ruwan ya ɗauki ruwan gishiri a baya, a wanke shi da gulukos tukuna. Tana taɓa ƙoda, tana kuma zubar da fotashiyam da magniziyam, don haka a riƙa auna su a kai a kai, a ba da ƙarin ruwan gishiri daban kafin allurar don kare ƙodar. Inda tsohon nau'in amfoterisin, wanda ba laifosomal ba, kaɗai ake da shi, miligiram 1 zuwa 1.5 ne ga kilo, kuma ya fi wahalar da ƙoda. Rikita adadin nau'o'in nan biyu na iya kisa, a karanta kwalba sau biyu.

Allura ba ta isa naman da jini ba ya zuwa, shi ya sa dole a kankare mataccen naman, wani lokaci fiye da sau ɗaya, wani lokaci har a rasa ƙashin muƙamuƙin sama ko ido. Idan jiki ya lafa sai a koma wani maganin funfunar, fosakonazol, miligiram 300 sau biyu a ranar farko, sannan sau ɗaya kullum, ko isabukonazol. Fulukonazol da borikonazol, magungunan wasu funfunan, ba sa taɓa wannan funfuna ko kaɗan, kwanakin da aka ɓata a kansu asara ce. Kusan rabin masu cutar na rasuwa a ƙididdigar da aka daɗe da ita, kuma an ga jinkirin kwana 6 kafin fara amfoterisin na kusan ninka mace-macen. Idan zargi ya yi ƙarfi, a ɗauki samfurin nama a fara allurar, kada a zauna jiran sakamako.

Tambaya: Ina shan sitiroyid tun bayan sallama ta. In daina yanzu?

Amsa: Kada ka yanke shi da kanka idan ka haura makonni 3 kana sha, domin jiki ya saba, tsayawa farat ɗaya na iya sa awon jini (BP) ya faɗi ƙasa. Koma wurin likitanka ya rage maka a hankali. Kafin nan ka riƙa auna suga ko da ba a taɓa ce kana da shi ba, musamman bayan abincin rana da yamma, lokacin da sitiroyid ɗin safe ya fi ɗaga shi. Awon safe kafin karyawa na iya fita daidai ya yaudare ka. Idan sugan yana wuce 180 (mg/dL) a kai a kai, a sanar da likita, wataƙila sai an haɗa da insulin. Ka kauce wa ƙura da juya taki na 'yan makonni, ko ka sa takunkumi.