Tambaya da Amsa: Su wa ke riƙe da ilimin firamare a ƙaramar hukuma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uba ne a Daura. Wane ne Sakataren Ilimi, daga ina ake samo shi, kuma me ke sa mutum ya nemi kujerar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34, kowace da ofishin ilimi ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, bisa tsarin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Sakataren Ilimi ne shugaban ofishin.

Yawancinsu daga aji suka taso: takardar shaidar malanta ta NCE daga kwaleji irin ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, digirin ilimi, sannan hedimasta, sannan sufeto mai zagayen makarantu. Wannan hawa-hawa na da amfani. Wanda ya taɓa koyar da aji mai cunkoso ya san cewa sunan malami a takardar albashi ba ya nufin yana zuwa aji.

Dalilan neman kujerar sun bambanta. Wani kishin garinsu ne, wani ƙarin girma kafin ritaya, wani kuma siyasa ce ta kai shi. Inda matsala ke fitowa shi ne rabon malamai: makarantun cikin gari su cika, na ƙauye a bar malami ɗaya ko biyu, saboda masu uwa a gindin murhu ba sa yarda a tura su nesa.

Idan kuna da koke, ku fara da hedimasta da kwamitin iyaye na makaranta, sannan ku kai wa sakataren takarda a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimi.