Filin Tambaya da Amsa: Rigimar Masoya Doctor Who

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne kan Doctor Who, shirin ƙagaggen labarin kimiyya mai dogon zango da BBC ta fara haskawa a Birtaniya ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Me ya sa duk lokacin da aka sauya jarumin shirin sai masoya su yi ta tada jijiyar wuya a intanet, wasu har su rantse sun daina kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sauyin jarumi a cikin labarin yake, ba daga gefe ya shigo ba. A 1966 rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Doctor, wato tauraron labarin, har haddar kalamansa ta zame masa aiki. Maimakon a rufe shirin, sai marubuta suka ce ai Doctor ba ɗan Adam ba ne, idan jikinsa ya gaza yana iya sake wani, da sabuwar fuska da sabon hali. Patrick Troughton ya karɓa. Wannan dabara ita ta raya shirin sama da shekara 60, kuma ita ce tushen yawancin rigimar.

Mai kallo yakan shaƙu da Doctor ɗin da ya fara gani, kowa ya biyo baya da shi za a gwada shi. Tom Baker ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, don haka duk wanda ya gaje shi dole ya sha suka. Da aka sanar da Matt Smith a 2009 yana ɗan shekara 26, aka ce yaro ne. Da Peter Capaldi ya zo yana da 55, wasu suka ce ya tsufa. A Yulin 2017 aka sanar da Jodie Whittaker, mace ta farko da ta jagoranci shirin, ƙorafi ya kai ga BBC ta fitar da amsa a rubuce. Sai Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, baƙar fata na farko da ya jagorance shi, daga 2023 zuwa 2025.

Amma a ganinmu masoya sukan ɗora laifi inda bai dace ba. Jarumi faɗar abin da aka rubuta masa yake yi. Wanda ke riƙe da linzamin labari shi ne babban marubuci: Russell T Davies daga 2005, Steven Moffat daga 2010, Chris Chibnall daga 2018, sannan Davies ya dawo a 2023. A 2010 an sauya jarumi da marubuci a lokaci ɗaya, a 2018 kuma har da mai kiɗa, sai mai kallo ya ji shirin ya zame masa baƙo, ya huce kan fuskar da yake gani.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na taɓa tarihin labarin. A 1976 aka kafa doka cewa sau 12 kawai Doctor zai iya sake jiki. Da adadin ya cika a 2013, aka ba shi sabon zagaye, yawancin masoya suka haƙura tunda an bi ta kan dokar. A Maris 2020 kuwa, wani kashi ya nuna cewa asalinsa ba daga duniyar Gallifrey yake ba, inda a da aka ɗauka can ne mahaifarsa, kuma ya yi rayuwa da yawa kafin Hartnell. Wannan ya raba kan masoya har yau, domin ya sauya ma'anar abin da suka riga suka kalla. Wanda bai kai wurin ba ya yi mana afuwa.

Tambaya: Ina ganin mutane na yawo da alƙaluman masu kallo suna cewa shirin ya mutu. Yaya zan gane gaskiya?

Amsa: Malama, fara tambayar wane alƙalami ne. A Birtaniya hukumar Barb ce ke ƙidaya, kuma kashi ɗaya yana da alƙaluma aƙalla uku: na daren da aka haska shi, na kwana 7 wanda ya haɗa da waɗanda suka kalla daga baya, da na kwana 28. Na daren farko shi ne mafi ƙanƙanta kuma shi ke fara fitowa, shi ya sa mai son nuna faɗuwa yake ɗaukarsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada na dare ɗaya na bana da na kwana 7 na wata shekara.

Sannan ki duba abin da ke faruwa a sauran tashoshi. Adadi mafi girma da shirin ya taɓa samu, miliyan 16.1 a 1979, ya zo ne lokacin da ma'aikatan tashar ITV, kishiyar BBC, ke yajin aiki, tashar a rufe, mutane ba su da zaɓi sai BBC. A 1989 ya faɗo har miliyan 3.1 saboda an sa shi lokaci ɗaya da Coronation Street, wasan kwaikwayo na ITV, wanda ya fi kowane shiri jama'a, kuma a shekarar aka dakatar da shi bayan zango 26. Kashin farko na Whittaker a 2018 ya kusa miliyan 11, amma kashin farko na sabon jarumi kullum yakan jawo 'yan ganin ƙwaf. Adadin kashi na huɗu ko na biyar ya fi nuna waɗanda suka zauna. Alƙaluman Barb kuma na Birtaniya ne kaɗai, ba su haɗa da waɗanda suka kalla a manhajar Disney+ a wasu ƙasashe daga 2023 ba.

Tambaya: Da gaske ne an gano ɓatattun kashi-kashin shirin a Najeriya? Ta yaya ma tashar kamar BBC za ta ɓatar da shirinta?

Amsa: Da gaske ne, Malam. A Oktoban 2013 aka sanar cewa Philip Morris, mai farautar tsofaffin finafinai, ya samo gwangwanayen fim a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Tara daga ciki kashi-kashi ne da aka daɗe da fid da rai da su, na zamanin Troughton: biyar suka cike labarin The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear, wanda kashinsa na uku bai dawo ba. Kafin nan 106 ne suka ɓata cikin 253 na shekaru shida na farko, adadin ya sauko zuwa 97.

Ba ɓata suka yi ba, goge su aka yi. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamanin, mai faɗin inci biyu, yana da tsada, don haka akan goge shi a ɗauki wani shirin a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, talabijin mai launi ya shigo, aka ga baƙi-da-fari ba shi da sauran kasuwa. Sai a 1978 BBC ta daina gogewa ta fara adanawa. Abin da ya tsira mafi yawa kwafi ne da aka juye kan fim mai milimita 16 don sayar wa ƙasashen waje. Tasha ta haska, ta tura wa ta gaba, ta ƙarshe ta mayar ko ta lalata. Inda aka yi sakaci da wannan umarnin, nan ake samun su yau.

Nan ne masoya suka yi rawar gani. Sautin kowane kashi yana nan, har na waɗanda hotonsu ya ɓata, saboda wasu 'yan kallo a shekarun 1960 sun riƙa naɗar murya da rakoda a gida. Da wannan sautin ake sake gina kashin, ko da hotunan da aka ɗauka daga allon talabijin, ko da zane mai motsi.

Wanda ya ci karo da tsohon gwangwanin fim kada ya sa shi a majigi, tsohon fim yakan tsage. Idan ya buɗe ya ji tsami kamar na binega, fim ɗin ya fara ruɓewa, a ware shi daga sauran don yana harbarsu. A ajiye a wuri mai sanyi mara laima, a ɗauki hoton rubutun da ke jikin gwangwanin, a tuntuɓi ma'adanar finafinai.

Tambaya: Ina son farawa, daga ina ya dace?

Amsa: Malama, fara da zangon 2005, wanda ya dawo da shirin tare da Christopher Eccleston: kashi 13, kowane kusan minti 45, an rubuta shi don wanda bai san komai ba. Idan hotonsa ya yi miki tsufa, zangon 2010 ma ƙofa ce mai kyau. Tsohon shirin na 1963 zuwa 1989 labari ɗaya yakan ɗauki kashi huɗu ko shida na minti 25, an tsara shi don kallon mako-mako, don haka wanda ya haɗiye shi a zama ɗaya zai gaji da maimaici.

Ki kula da kashi-kashi na musamman da ake haskawa a ƙarshen shekara. Manhajoji kan jera su daban da zango, sabon mai kallo ya tsallake, alhali a cikinsu aka sauya Doctor a farkon 2010 da ƙarshen 2013 da ƙarshen 2017. Nemi jerin da ya bi kwanan watan haskawa ki bi shi.